Hoton wasa a cikin hol: rigimar kala da inda za ka sa wuƙa

Ni asalina mai hoton biki ne, kamu da dina da walimar sauka, nan na fi wayo. Hoton wasa tsintar kaina kawai na yi a ciki, ranar da ƙanin wani abokina da ke buga ƙwallon kwando ya matsa min lamba sai na zo na ɗauke su a wata gasar makarantu. Na tafi ina taƙama, a raina ai wanda ya iya da amarya da ƙawayenta goma sha biyu kowacce na so leshinta ya fito, me zai gagare shi a wajen yara goma da ƙwallo ɗaya. Da na dawo gida na juye hotunan a kwamfuta sai da na yi salati. Hoto uku a jere, a cikin daƙiƙa ɗaya na ɗauke su, na farko yaron ya fito kore kamar an tsoma shi a miyar kuka, na biyu ruwan ɗorawa, na ukun ne kaɗai ya yi kama da ɗan mutane. Shi ma na ukun na yanke ƙwallon, hannu biyu ne kawai a sama kamar mai roƙon ruwa.

To tun daga ranar nake fama da waɗannan abubuwa biyu, yadda za ka daidaita kala da kuma inda za ka yanke hoto, kuma kowannensu hanyarsa ta fi ɗaya, kowace hanya akwai abin da za ta ba ka akwai abin da za ta ƙwace maka. Bari in fara da kala tunda ita ake gama maganarta tun kafin rafali ya hura usur.

Idon mutum ɗan wayo ne, in ya ga farar riga ko a ƙarƙashin wace fitila ce zai ce maka fara ce. Kyamara kam sai an gaya mata. Kowane haske yana da launinsa kuma da Kelvin ake auna shi, shi ne wannan harafin K da kake gani a jikin kwalin ƙwan fitila. Tsohon gulob mai zafi ɗin nan wajen 2700 yake, ja-ja ne. Hasken rana tsaka wajen 5500. Fararen LED da suka cika kasuwa da yawansu 6500 aka rubuta musu, shi ya sa suke kashe ido da shuɗi-shuɗi. Irin fitilar titi mai ruwan goro tana can ƙasa, wajen 2000 take. Wannan layi ɗaya kenan, daga ja zuwa shuɗi. Akwai layi na biyu wanda mutane ke mantawa da shi, daga kore zuwa ruwan hoda, kuma a nan dogon ƙwai na fulorasan da manyan fitilun rufin hol na da suke yi mana ta'adi, don kore suke zubawa a hoto ba tare da idonka ya lura ba. Sai ka haɗa da cewa in ƙwai ya mutu a hol ba lallai a samo irinsa ba, wanda aka samu a kasuwa shi za a ɗaura, sai ka ga kwando ɗaya yana ƙarƙashin fari ɗayan yana ƙarƙashin ruwan ɗorawa. Ga tagogin sama suna shigo da rana in wasan la'asar ne. Ga ƙasa ita ma ba ta bar ka ba, in katako ne za ta watso ruwan zuma a ƙarƙashin haɓar 'yan wasa, in shuɗiyar roba ce ko koren fenti to shi za ka gani a wuyansu da ƙasan hannunsu.

Hanya ta farko ita ce ka bar wa kyamara ta daidaita kalar da kanta, wato abin da ake kira AWB a menu. Ba zan kushe ta gaba ɗaya ba, sababbin kyamarori sun ƙware sosai, kuma in hol ɗin irin mai haske kala-kala ne, ɗan wasa ya taso daga ɓangaren taga ya shiga ɓangaren fitila cikin taku biyar, AWB ce kaɗai za ta iya binsa. Matsalarta ita ce ba ta da alƙibla, duk hoton da ka ɗauka sai ta sake lissafi daga abin da ya cika mata ido. In ka zumo kan mai jar jesi sai ta ɗauka jan ya yi yawa ta ƙara shuɗi, in ka buɗe katakon ƙasa ya shigo sai ta sake shawara. Hoto ɗaya-ɗaya ba laifi, amma ranar da koci ya ce ka turo masa guda arba'in ka jera su sai ka ga jesin kulob ɗaya ta zama kala huɗu, kuma gyaran nan ɗaya bayan ɗaya za ka yi shi tunda kowanne da irin karkatarsa.

Hanya ta biyu ka ɗaure kalar da kanka, kuma ita ma gida biyu ce. Ko dai ka sa lambar K da hannu, ko ka nuna wa kyamara wani abu ka ce mata wannan shi ne mara launi ki auna da shi. Sa lamba ya fi sauri, ka fara daga 4000 ka ɗauka ka duba, in hoton ya yi ruwan ɗorawa ka rage lambar, in ya yi shuɗi ka ƙara. Wannan wajen yana rikita mutane don suna ganin kamar a juye yake, amma haka yake, ƙara lamba ɗumi take sa wa hoto. Sai dai lambar K layi ɗaya kawai take gyarawa, koren nan na fulorasan yana nan daram sai ka shiga wani wajen daban ka tura shi ɓangaren ruwan hoda. Sannan ƙananan kyamarorin da yawancinmu muka fara da su, irin su Canon 600D da Nikon D3200, ba su ma da inda za ka sa lambar. Shi ya sa ni na fi son aunawa. A Canon ka ɗauki hoton kati mai ruwan toka ka shiga menu ka zaɓe shi a matsayin ma'auni, a Nikon kuma inda aka rubuta PRE ake nema a menu. Minti biyu ne, kuma yana kama layi biyun a tare. Abin lura shi ne a ina ka auna. Ka shiga cikin filin lokacin da suke motsa jiki kafin wasa, ka tsaya inda za a fi gwabzawa wato ƙarƙashin kwando ko gindin raga, ka riƙe katin daidai tsayin fuska yana kallon inda za ka zauna. In ka auna a kujerar 'yan kallo to hasken 'yan kallo ka auna.

Da me za ka auna? Kati mai ruwan toka da ake sayarwa don wannan aikin shi ne daidai. Farar takarda tana yi in babu, amma yawancin takardun ofis an sa musu sinadarin da ke ƙara musu haske da ɗan shuɗi, sai hotonka ya ɗan karkata ruwan ɗorawa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne farar jesi. Na taɓa aunawa da rigar wani yaro fara tas, hotuna suka fito kamar an shafa musu kurkum, ashe babarsa bula take sa mata in ta wanke. Farin da muke so a ido a nan ƙasar, na shadda da na yunifom, farin bula ne, kyamara kuwa tana ganin shuɗin sai ta rama da kishiyarsa.

Aibin ɗaure kala ɗaya ne, in haske ya canja kai ba ka canja ba ka shiga uku. Wasan da aka fara bayan la'asar aka ƙare gab da magariba haske biyu ne, rabin farko rana ce ke mulki rabi na biyu fitila, dole ka sake aunawa a hutun rabin lokaci. Haka in aka ɗauke wuta aka tada inji, wani lokacin ba duka fitilun ake kunnawa ba, kuma irin manyan nan na da sai sun ɗau mintoci suna ɗumama kafin kalarsu ta zauna.

Hanya ta uku ita ce RAW, ka ɗauka yanzu ka yanke hukunci a gida. Bambancinsa da JPEG kamar ɗanyen kayan miya ne da miyar da aka riga aka sauke, JPEG an riga an dafa kalar a ciki, matakai 256 ne kacal a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384 ne kuma ba a riga an ɗora masa kala ba. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka ɗauki ɗan tsinken nan na auna kala ka taɓa katin toka, shikenan, ka kwafe gyaran ka zuba wa hoto ɗari uku a lokaci ɗaya. JPEG in karkatar kaɗan ce zai gyaru, in ta yi nisa kana ja fata za ta fara yin dabbare-dabbare. Amma RAW ba kyauta ba ne. Kowane hoto a kyamara mai megafiksel 24 zai ci maka wajen MB 25 zuwa 30, memori na cika da wuri, kuma a ƙaramar kyamara in ka danne maɓalli kana ɓarin wuta bayan 'yan hotuna sai ta tsaya tana nishi, daidai lokacin da yaron zai zura ƙwallon. Sannan ga lokaci. Masu kulob yanzu so suke kafin 'yan wasa su gama shan ruwa hoto ya hau Facebook. Ko kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2015 cewa ta yi wa masu ɗaukar mata hoto na wucin gadi su riƙa turo wanda aka ɗauka a JPEG tun asali da ɗan gyara kaɗan, kuma sauri na cikin dalilanta. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne in auna kala kafin wasa kamar ba ni da RAW, sannan in sa kyamara ta ajiye duka biyun in wasan mai muhimmanci ne, JPEG ya tafi waya nan take, RAW ya jira wanda za a wanke a sa a firem.

Yanzu ga abin da ya yi min miyar kuka a ranar farko, wanda babu ɗaya cikin hanyoyi ukun nan da zai magance shi shi kaɗai. Wutar lantarkinmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, shi ne 50Hz da ke rubuce a jikin caja, haka take a Najeriya da Nijar da Gana, ko a hol ɗin Sani Abacha na Ƙofar Mata kake ko na filin Ahmadu Bello a Kaduna ko ɗakin taron wata makaranta. Fitilu da yawa, musamman fulorasan na da da LED masu araha, suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa saboda haka, a Amurka da wutarsu take 60 sau 120 ne. Ido ba ya gani. A biki ma ban taɓa gani ba don a 1/100 na daƙiƙa ko ƙasa nake ɗauka, shota, wato ƙofar da ke buɗe wa haske ta rufe, tana haɗiye ƙiftawar gaba ɗaya. Amma wasa yana buƙatar 1/500 zuwa 1/1000 in kana so motsi ya tsaya, a wannan saurin kuwa wani hoton zai faɗo lokacin da fitila take kan ganiyarta, wani lokacin da ta dusashe kuma launinta ya juya, wani ma rabinsa kala ɗaya rabi wata. Maganinsa na gaskiya shi ne kyamara mai gane ƙiftawa, tana ɗan jinkirta shota ta dace da lokacin da haske ya cika. Canon ta kawo shi a 7D Mark II a 2014, Nikon D500 ta zo da shi a 2016, yanzu kam da yawa suna da shi, ka duba menu ɗinka ka kunna. Yana ɗan rage saurin jerin hotuna amma ya cancanta. Sai dai 100 da 120 aka koya masa, in injin hol ɗin yana hawa yana sauka ba lallai ya kama ba. In taka ba ta da shi to ka ɗauka da yawa ka zaɓa, ka rungumi RAW, sannan ka kashe shota mara ƙara ta lantarki don ita ce ke jawo zane-zane a kwance kamar tabarma a ƙarƙashin LED. Masu ɗauka da waya ma shi ne layukan da kuke gani suna yawo a sikirin.

To in ka zo gyara, me za ka kalla ka ce kala ta zauna? Da yawa bango suke kallo ko farin layin fili. Ni fata nake kallo. Fatarmu, baƙa ce ko wankan tarwaɗa, in gumi ya jiƙa ta madubi take zama, launin fitilar take maido maka a goshi da kafaɗa da kan hanci. Kore kaɗan in ya hau ta sai mutum ya yi toka-toka kamar mara lafiya, ruwan hoda in ya yi yawa sai ya koma kamar ɗanyen nama. Don haka bayan tsinke ya gama nasa lissafin nakan ƙara ɗumi ɗan kaɗan, in bar bango ya ɗan yi ruwan madara in dai fuska ta dawo ta mai rai. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abu na biyu jesi, don masu kulob sun san kalarsu fiye da yadda suka san fuskar 'yan wasan, in ka mayar musu da ja ya koma ruwan lemo za ka ji waya. Kuma don Allah kafin ka yi editin a waya ka duba ko ka kunna abin kare ido na dare ɗin nan mai sa sikirin ya yi ruwan ɗorawa. Na taɓa kwana ina gyaran hotunan takwando da shi a kunne, ina ta rage ɗumi, da safe na buɗe na ga kowa shuɗi kamar an fito da su daga marina. Baƙi da fari kuwa mafaka ce ta ƙarshe in kala ta gagara, yana da kyau a hoton fuska da gumi, amma a takwando da ja da shuɗi ne ke raba abokan karawa, in ka cire kala suna iya komawa toka iri ɗaya ba a san wa ya daki wa ba.

Mu dawo kan wuƙa. A nan mutane biyu ne. Akwai masu cewa ka cika firem tun a kyamara, ka matse sosai, abin da ka gani shi za ka bayar. Akwai masu cewa ka bar fili ka yanke a gida. Maigidan da na koyi aiki a wajensa ɗan gidan farko ne, da fim ya taso, in ya ga ina yanke hoto sai ya ce “kai yaro, ƙafarka ciwo take da ba za ka matsa kusa ba?” Kuma yana da gaskiyarsa. In ka matse tun farko duk fiksel ɗinka na kan ɗan wasa, bayansa ya fi narkewa, kujerun da ba kowa da tarkacen gefen fili sun ɓace, kuma tsaki-tsakin da ISO 3200 ko 6400 ke kawowa, wato in ka ƙara wa kyamara ƙarfin gani a duhu, bai fito sosai ba. Sai dai amarya tana tsayawa inda ka ce, ɗan ƙwallon kwando kuwa ba ya shawara da kai kafin ya yi tsalle. Kwandon nan mita 3.05 yake daga ƙasa, yaron da ya cika maka firem yana gudu, da ya tashi sama hannunsa da ƙwallon sun fice. Abin da ka bari a ciki za ka iya cirewa, wanda ka yanke a fili ya tafi kenan.

Lissafin ba wuya. Hoton megafiksel 24 faɗinsa 6000 ne tsayinsa 4000. In ka yanke rabin faɗi da rabin tsayi ka koma 3000 da 2000, megafiksel 6 kenan, kashi ɗaya cikin huɗu ba rabi ba, kuma kamar ka ninka tsawon lensinka ne, 50mm ya zama kamar 100mm. Ga waya wannan ya isa har ya yi yawa tunda faɗin 1080 ne ake ta amfani da shi a Instagram da sitatus. Ga firem mai inci 8 da 10 kuwa an fi so a samu wajen 2400 da 3000, kaga ka fara taɓa iyaka. A haske mai kyau da ba damuwa, amma a hol duk yankan da ka yi kana ƙara girman tsaki-tsakin ne da duk wani ɗan kuskuren fokas. Shi ya sa ni tsakiya na tsaya, ina barin fili kamar tafin hannu a sama da gefen da ake dosa, abin da zan zubar kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. In na ga sai na zubar da fiye da rabi kafin hoton ya yi ma'ana to ba yanka yake buƙata ba, wajen zamana ne ba daidai ba. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsayi, in kana bayan wannan kwandon ka haƙura da abin da ke faruwa a wancan, ka jira su dawo maka. A nan ma zaɓin lensi ya shigo. Ɗan 50mm f/1.8 mai araha yana shigo da haske kusan ninki goma na lensin da ke zuwa da kyamara in ka zume shi ya koma f/5.6, don haka hoton 50mm da aka yanke ya fi hoton zum ɗin da ya cika firem amma ya yi duhu ko ya girgiza. Mai babban lensin zum na 70-200 f/2.8 shi ne zai iya bin maganar maigidana hankali kwance, shi ma in yana da hannu.

Kuma ba duka wasanni ke son yanka iri ɗaya ba. Ƙwallon tebur yana son matsi sosai, ƙwallon milimita 40 ce kacal, in ka buɗe ta ɓace, amma ka kama fuska da ido a kan ƙwallo lokacin da ya cilla ta sama zai yi sabis, daga ƙirji zuwa sama, ba ka buƙatar ƙafa ko tebur ma. Ƙwallon raga a tsaye take so, kuma dole bakin ragar ya fito, mita 2.43 ce ta maza 2.24 ta mata, in ka yanke ragar babu wanda zai san tsallen ya kai ya kawo. Haka ƙwallon kwando, ko dai kwando ya fito a sama ko ƙasa ta fito da tazarar da ke tsakaninta da takalmi, in babu ko ɗaya to mutum ne kawai a tsaye yana miƙa. Takwando da judo da kokawa kuwa a kwance suke, ƙafar mai duka a wannan gefe kan wanda aka daka a wancan, in ka takura su a dogon firem sai ɗaya ya rasa ƙafa ko ɗaya ya rasa kai. A dukkansu dai ƙwallo ko inda jiki ya haɗu da jiki shi ne labarin, fuska ta biyo baya, sauran duk ana iya ciniki.

Ƙananan abubuwa da na koya da kunya. Kada ka yanke a gaɓa, wato gwiwa ko idon sawu ko wuyan hannu, mutum zai fito kamar mai dungu, ko ka bar ƙafa duka har takalmi ko ka hau tsakiyar cinya. Yanke ɗan yatsan takalmi kaɗai ya fi yanke rabin jiki muni don kowa zai gane kuskure ne. Ka bar sarari a gaban mai gudu ba bayansa ba. Sannan ka miƙe hoton kafin ka yanke, da sandar raga ko ginshiƙin bango za ka auna ba layin ƙasa ba don shi yana karkacewa gwargwadon inda ka zauna, kuma miƙewar nan tana cin gefe-gefe, wani dalilin kenan na barin fili.

Sai kuma inda hoton zai je, wanda a gaskiya shi ne mai yanke hukunci. Kyamara tana ba ka 3:2. Instagram ya saba da 4:5, sitatus 9:16 ne, jarida da shafukan labarai a kwance suke so. In ka ɗauka a kwance ka ce za ka ciro na sitatus, faɗin 2250 kawai zai rage maka cikin 6000, mutum ɗaya ne zai shiga shi ma sai ya tsuke hannu. In da ka juya kyamarar a tsaye tun farko 3375 za ka samu cikin 4000, kusan ba ka yi asarar komai ba. Don haka tambayar da nake yi tun kafin in fito ita ce wa zai karɓi hoton. In iyayen yara ne da 'yan wasa masu son ɗorawa, a tsaye nake wuni, in matse kan mutum ɗaya, JPEG da kalar da na auna ya ishe ni. In masu shirya gasa ne to a kwance, a buɗe, don su allon masu ɗaukar nauyi da 'yan kallo da manyan baƙi suke so su gani, abin da kai kake ganin tarkace ne su shi suka biya. In na wankewa ne kuma RAW, kuma kada ka yanke sai ka ji girman firem, don 8 da 12 ne ya dace da 3:2, in 8 da 10 ne mai wanki zai cire inci biyu daga inda ya ga dama. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi ya ƙara ɓata abin da ISO ya bari.

Wani abu da na daɗe ban lura ba shi ne yanka kansa gyaran kala ne. Sau da yawa hoton da nake ganin kalarsa ta gagara, ɗan wasan lafiya lau yake, taga ce a can sama take zuba shuɗi ko wani ƙwai ɗaya a kusurwa yake zuba kore. Da na datse wannan ɓangaren sai haske ya koma iri ɗaya gyara ya zo da sauƙi. Hoto a buɗe shi ne ke tara fitilu uku a waje ɗaya kuma dole ka zaɓi wadda za ka yi wa biyayya. Wannan duk halal ne ko a aikin jarida, yankewa da daidaita kala. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka goge mutum ko ka ɗauko ƙwallo daga wani hoton ka liƙa, ko da kuwa yanzu waya tana yi maka da taɓawa ɗaya. A wasan 'yan mata kuma, wanda hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA ta amince musu da rufe kai a 2017, yanka na da wani amfanin, akwai hoton da motsi ya ɗage riga ko faɗuwa ta zo ba daɗi, wani ka hau sama ka tsaya a fuska da ƙwallo, wani kuma ka goge shi kawai kada ma ya bar memori.

Kwanaki na kai wa wani koci hoto iri biyu na ƙwallo ɗaya, wadda ta ba su nasara ana saura 'yan daƙiƙu. Ɗaya na matse, fuskar yaron da jijiyar wuyansa da ƙwallo tana barin yatsunsa, na zauna a kan kalarsa har fatar ta fito kamar ka taɓa, ni a raina wannan shi ne hoton shekara. Ɗayan a buɗe yake, kusan yadda ya fito daga kyamara, ga taga tana shuɗi a sama, ga allon maki, ga benci sun miƙe tsaye. Ya daɗe yana kallon na farkon ya ce “Malam wannan ya yi kyau wallahi, ka tura wa babansa.” Sannan ya sa yatsa a kan na biyun, can gefe inda wani mutum ya ɗaga hannu biyu hularsa ta zame, ya ce “wannan za ka wanke min babba, kaga ni nan.”